Yadda Ake Koya wa Yaro Doguwar Rabawa da Kuɗin Goron Sallah

Yaron da ke kuka a kan lissafin rabawa, aike shi shago ka ga ko za a cuce shi a canji. Lissafin yana kansa, takarda ce kawai ke rikita shi. To a fara da kuɗi.

Da farko ka yanka kwali iri uku, ka rubuta naira 100, 10 da 1. Kwandalar naira ɗaya ta yi wuyar gani, shi ya sa kwali ya fi. Ajiye 20 da 50 tukuna, suna dagula gidajen lambobi, wato gidan ɗaya-ɗaya, na goma-goma da na ɗari-ɗari.

Sai ka ce kawu ya ba yara uku goron sallah, naira 745. Miƙa masa ɗari-ɗari bakwai, goma-goma huɗu, ɗaya-ɗaya biyar, ya raba daga manyan. Kowa ya sami ɗari biyu, ɗari guda ta yi saura. A nan zai tsaya yana kallonka. Kada ka gaya masa komai, tambaye shi: "Ya ake yi da ɗari idan ba ta rabuwa?" Da kansa zai ce a yi canji. Ta zama goma-goma guda goma, a haɗa da huɗun can, 14. Kowa huɗu, saura biyu. A sake canji, ɗaya-ɗaya sun zama 25, kowa takwas, naira ɗaya ta rage. Kowa ya tashi da 248.

Sai yanzu a ɗauko fensir. Ku maimaita, yana rubuta kowane mataki yayin da hannunsa ke yi. Abin da malamai ke kira sauko da lamba, canjin nan ne ba wani abu ba. A ganina, haddace matakan kafin wannan ɓata lokaci ne.

Akwai tarkon sifiri. Ba shi 615 ya raba wa uku. Da yawa za su rubuta 25. Ce masa, "Kai za ka yarda a ba ka 25 daga ɗari shida?" Goma guda ba ta isa mutum uku ba, dole a sa 0, amsa 205.

Bayan nan ku koma sayayya: naira 500, biro ɗaya 60, guda nawa? Takwas, canji Murtala guda. Idan ya ce bakwai saura 80, tambaye shi ko 80 ba za ta ƙara sayen biro ba. Ya tabbatar da kansa: 8 sau 60, a tara da 20, ko ta koma 500?