Yadda ake ƙirga itatuwan gona don bincike a yankin Maradi

Sassabin zamani, wato barin kututture ya toho a rena shi, ya kankama a yankin Maradi tun 1983, kuma ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kan rubuta kundi a kansa. Inda aikin ya fi lalacewa shi ne wurin ƙidaya.

Fara da gaida maigari da mai gona, ka faɗi abin da ya kawo ka. Manomi da ya ga baƙo da takarda yana zagaya gawonsa zai ɗauka ma'aikacin gandun daji ne, sai ya rufe baki.

Ka fita bayan an yanke gero, daga Nuwamba. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar, saboda haka hoton tauraron ɗan'adam na Agusta zai ɓoye maka shi. Kada kuma ka jira watan Mayu, lokacin an sassabe sabara.

Zaɓen gona shi ne babban tarko. In ka bar mai rakiya ya zaɓa, gonar da ta fi itace zai kai ka, ta bakin hanya, lissafinka ya kumbura. Rubuta sunayen gonaki a 'yan takardu, a jefa ƙuri'a, ka je duk inda ta faɗa ko da nisa.

A kowace gona kafa turaku huɗu, mita 50 kowane gefe: rubu'in hekta ke nan, abin da ka samu sai ka ninka sau 4. Don kusurwa ta miƙe, ja igiya mita 3 nan, mita 4 can, tsakaninsu ya zama 5. Ajiye lambar GPS ta waya, mai nuna daidai inda wurin yake, domin mai dawowa baɗi.

Auna kewayen gangar itace a tsawon mita 1.30 daga ƙasa, wato wajen ƙirjin mutum, ka raba da 3.14, kaurinsa ya fito. Yanko sanda daidai wannan tsawo, don ƙirjin mutane ba ɗaya ba ne. Sabara da kalgo sukan fito kara biyar ko shida daga gindi guda: gindin ake ƙirgawa ɗaya, a rubuta yawan karan a gefe. Wanda ka gama, shafa masa alli, kada ka maimaita shi. Itacen kan iyaka kuwa, sai fiye da rabin gindinsa na ciki za ka sa shi.