Yadda ake zana logo na dandalin taimakon kai da kai na masu cutar MS

Idan aka ba ka aikin zana logo na shafi, manhaja ko wani guruf da masu fama da cutar MS za su riƙa shiga suna neman bayani da taimakon junansu, to ka sani ba irin logon shagon turare ko kamfanin sayar da data ba ne, inda burinka kawai abu ya yi ƙyalli ya ja ido. Mutumin da zai kalli wannan tambarin wata rana idonsa dishi-dishi yake gani, wata rana hannunsa na rawa yana ƙoƙarin danna ɗan ƙaramin hoto a waya, wata rana kuma gajiya ce ta kwantar da shi ko dogon rubutu ba ya iya bi. Shi za ka zana wa, ba abokanka masu dizayin da za su yaba a Instagram ba. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi aikin.

Mataki na 1: ka san cutar tukuna kafin ka taɓa fensir

Cikakken sunanta multiple sclerosis, kuma abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta afka wa rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wadda likitoci ke kira mayelin. Kamar wayar wuta ce da robarta ta zazzage, wutar na nan amma ba ta isa inda aka aike ta daidai, wani lokaci ta yi jinkiri wani lokaci ta yanke. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fara fayyace ta a 1868 a birnin Paris. Ƙididdigar da Ƙungiyar MS ta Duniya ta fitar a 2020 ta ce mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza kusan sau biyu, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 ake gano ta, wato matasa ne masu aiki, masu karatu, masu ƙananan yara.

Abin da ya shafe ka kai tsaye a matsayinka na mai zane shi ne ido. Kumburin jijiyar gani yana daga cikin alamomin farko da mutane da yawa ke fara gani, yana sa gani ya dushe, kaloli su koɗe musamman ja, sannan abu biyu da haskensu ya yi kusa da juna sai su narke su zama ɗaya. Akwai masu ganin abu biyu-biyu, akwai waɗanda idonsu ke rawa. Ga kuma nauyin kai da ke sa mutum ya kasa tattara hankalinsa kan abu mai tarkace da yawa. Duk wannan zai dawo mana a maganar kala da rubutu, don haka ka riƙe shi.

Mataki na 2: ka zauna da masu cutar, ka yi shiru ka saurara

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa kuma wallahi shi ne ginshiƙin aikin. Ka roƙi masu dandalin su haɗa ka da wasu daga cikin mambobinsu, ko ta waya ce ko ta saƙon murya, kuma ka bari su zaɓi lokacin da suke da ƙarfi don gajiyar MS ba irin tamu ba ce da barci ke warewa, kar ka ja hirar ta yi tsawo. Ka haɗa da wanda aka gano masa cutar kwanan nan, da wadda ta daɗe da ita, da mai jinya ko ɗaya.

Tambayoyin ba sai sun yi yawa ba. Me kike so ki ji a ranki idan kin buɗe shafin nan? Wane irin hoto ne idan kika gani a fostar asibiti yake ɓata miki rai? Za ki yarda ki sa riga mai wannan tambarin ki fita kasuwa? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi sosai, saboda akwai waɗanda ko a wurin aiki ba su faɗa wa kowa suna da cutar ba, akwai 'yan mata da ke tsoron maganar aure, to idan tambarin ya fito a fuskar wayarsu yana ihun "mara lafiya" ba za su ajiye manhajar ba, gogewa za su yi. Ka rubuta kalmomin da suke maimaitawa, daga ciki ka tsamo guda uku kacal, misali natsuwa, ƙarfi, 'yan uwantaka, duk zanen da za ka yi daga baya da su za ka auna shi.

Mataki na 3: abubuwan da za ka kauce musu

Keken guragu shi ne na farko. Wancan sanannen tambarin na mutum a keke, wanda wata ɗaliba 'yar Denmak Susanne Koefoed ta zana a 1968, alama ce ta cewa wuri yana da hanyar shigar masu buƙata ta musamman, ba alamar wata cuta ba ce. Kuma masu MS da yawa da ƙafarsu suke tafiya, kusan kashi 85 cikin 100 da nau'in da ke tasowa ya lafa suke farawa, ka gan su yau garau gobe a kwance. Ka yi tunanin yarinya 'yar shekara 25 da likita ya faɗa wa sakamakon hoton ƙwaƙwalwarta na MRI da safe, da dare ta shiga intanet neman bayani, abu na farko da ta ci karo da shi keke ne. Ba ka kyauta mata ba.

Kar ka sa jan kuros ko jan jinjirin wata a kan farin bango, waɗannan alamomi ne da Yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta kare, ba na kowa da kowa ba ne. Sandar nan mai maciji da abin awon ƙirji na likita su ma ka bar su, dandalin taimakon kai da kai ba asibiti ba ne kuma bai kamata ya yi kama da mai ba da magani ba. Hannaye biyu da suka tallabo ɗan ƙaramin mutum, ni dai ba na so, yana nuna kamar abin tausayi ake riƙe da shi alhali su ne masu taimakon junansu. Hoton ƙwaƙwalwa tsirara ma a yi hattara da shi, musamman a wajenmu inda da an ga ƙwaƙwalwa sai tunani ya tafi kan taɓin hankali, ga mutanen da dama can suna fama da masu ce musu sammu ne ko iska.

Ribon mai ruwan lemu fa? Gaskiya ne alamar wayar da kai ce kan MS, amma masu sankarar jini da sankarar ƙoda ma suna amfani da shi, don haka shi kaɗai ba zai bambanta ku da kowa ba.

Mataki na 4: takarda da fensir

Ka rufe kwamfuta tukuna. Ka zana ƙananan zane da yawa, kowanne kar ya wuce faɗin babban yatsa, kar ka tsaya gyara ko ɗaya, ka dai yi ta zubawa. Hanyoyin da za ka iya bi: layi guda da ya katse a tsakiya sannan ya ci gaba, wanda ke nuna saƙon jijiya da ya sami wata hanya, ɗigo-ɗigo da suka haɗu suka yi da'ira, haruffan M da S da aka saƙa da layi ɗaya mai kauri, ko kuma sunan dandalin kawai da rubutu mai kyau ba tare da wani hoto ba, wannan ma logo ne cikakke kuma sau da yawa ya fi. Idan za ka yi amfani da haruffan MS to ka tabbata cikakken sunan dandalin yana kusa, don wani zai ɗauka Microsoft ne, wani kuma a nan gida hankalinsa zai tafi kan SS na sikila.

Ra'ayi ɗaya tak a tambari ɗaya. Idan ka cusa jijiya da zuciya da rana mai fitowa da tsuntsu duk a wuri guda, to ba ka zaɓa ba ke nan, ka koma ka zaɓa. Ka ware uku mafiya sauƙi ka ci gaba da su.

Mataki na 5: kala, a nan ne aikin yake

Ruwan lemu ita ce kalar MS a duniya, ƙungiyar MS ta Amurka da aka kafa a 1946 da ta Birtaniya da aka kafa a 1953 duk ita suke amfani da ita, kuma duk ranar 30 ga Mayu, Ranar MS ta Duniya da aka fara a 2009, za ka ga ta cika ko'ina. Don haka yana da kyau ta fito a tambarinka, mai cutar na ganinta zai san gida ya zo. Amma tana da matsala babba: a kan farin bango ba ta fita sosai.

Akwai ƙa'idar da masu gina shafukan intanet ke bi mai suna WCAG, ta ce bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai aƙalla 4.5 bisa 1, babban rubutu da zane kuma 3 bisa 1. Duk da ƙa'idar ba ta tilasta wa logo ba, kai ka tilasta wa kanka, tunda ka san su waye za su kalla. Ruwan lemu mai lamba FF6600, wato lambar da kwamfuta ke gane kalar da ita, a kan fari kusan 2.9 yake bayarwa, bai ma kai 3 ɗin ba, wanda ya fi shi haske mai lamba FFA500 kuwa bai wuce 2 ba. Amma FF6600 ɗin nan a kan baƙi ya haura 7. Ka ga ke nan mafita a fili take, ko dai ka sa alamar da ruwan lemu mai duhu sunan kuma da baƙi ko shuɗi mai duhu sosai, ko ka ɗora ruwan lemun a kan bango mai duhu. Ka shiga shafin WebAIM, suna da wurin gwaji kyauta, ka zuba lambobin kalolin biyu zai ba ka sakamako nan take, kar ka dogara da idonka mai lafiya.

Kala biyu sun isa. Ka bar kalar da ke narkewa daga wata zuwa wata, ka bar inuwa da ƙyalli. Kar ka jera ja da ruwan lemu, ko ja da kore, kana tsammanin za a bambance su. Sannan idan an cire kalar gaba ɗaya an bar baƙi da fari dole tambarin ya ci gaba da ma'ana, don wata rana a fotokwafi zai fito ko a hatimi.

Mataki na 6: samfurin rubutu

Rubutu mai kauri matsakaici, mara ƙawa, mai sarari tsakanin haruffa. Siririn rubutu da mai lanƙwasa irin na katin biki a bar su. Akwai Atkinson Hyperlegible da cibiyar Braille Institute ta Amurka ta fitar a 2019 musamman don masu raunin gani, kyauta ne a Google Fonts. Idan sunan dandalin da Hausa ne to ka fara gwada ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kafin ka ƙwallafa rai a kan kowane samfuri, da yawa ba su da su sai ka ga akwati ya fito ko harafin ya sha bamban da 'yan uwansa, Noto Sans da Andika suna da su duka. Dogon take irin na "tare za mu iya" kar ka manna shi a jikin logon, idan aka ƙanƙanta ba mai iya karantawa.

Mataki na 7: ka hau kwamfuta

Ka zana shi a manhajar bekta don ko an buɗa shi ya kai girman allon talla ba zai fashe ba, Inkscape kyauta ce, Figma ma tana yi, mai Adobe Illustrator kuma shi ke nan. Canva tana da sauƙi amma ka sani hotunan da ke cikin rumbunta kowa na iya ɗauka, kuma sharuɗɗansu ba su yarda ka yi rajistar tambarin da ka haɗa da su a matsayin mallakinka ba, in dai da ita za ka yi to ka tsaya kan layuka da siffofi na asali ka gina naka.

Mataki na 8: gwaji, sannan ka koma wurin masu shi

Ka ƙanƙanta shi zuwa fiksel 32 da 16, girman ɗan hoton da ke saman burauza. Ka sa shi a hoton guruf na WhatsApp ka ga ko da'irar ta yanke gefensa. Ka sa masa dishi-dishi a manhajar ka ga ko siffar na nan, ka rage hasken waya, ka fita da ita rana, ka gwada a tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Ka buga a takarda don ruwan lemu mai haske yakan mutu a injin buga takardu, gara ka gani yanzu da a ce sai an buga riguna. Ka kuma saka shi a Google Lens ka duba ko ya yi kama da na wata ƙungiya.

Daga nan ka kai wa mutanen da ka yi hira da su tun farko zane guda biyu ko uku, kar ka yi musu bayanin ma'anar, ka tambaya kawai me suka gani kuma me suka ji. Idan sai ka yi dogon sharhi kafin a gane to zanen bai nuna ba tukuna. In wata ta ce layin yana mata rawa a ido ko kalar na sa mata ciwon kai, ka yarda da ita ka gyara ko da kai ya fi burge ka.

Mataki na 9: miƙa aiki

Ka ba su fayil na SVG da PDF don masu buga bana da riguna, da PNG mara bango manya da ƙanana, da mai kala, da baƙi zalla, da fari zalla na ɗorawa kan bango mai duhu, da kuma alamar ita kaɗai ba suna don hoton furofayil. Ka haɗa da shafi ɗaya da ke ɗauke da lambobin kala, sunan samfurin rubutu, da mafi ƙanƙantar girman da aka yarda a yi amfani da shi, saboda irin waɗannan dandali 'yan sa-kai ne ke riƙe da su kuma hannu yana yawan canzawa. Ka rubuta musu gajeren bayanin hoto da za a liƙa wa logon a shafin, sunan dandalin kawai ya wadatar, don manhajar da ke karanta wa marasa gani ta faɗe shi. Sannan ku yi rubutacciyar yarjejeniya cewa tambarin mallakin dandalin ne, ko kyauta ka yi aikin ko biyanka aka yi.