Darasi: Jirgin Ruwa Ba Shi Da Birki

Toh jama'a, darasinmu na yau na bakin ruwa ne. Ko kai masunci ne na gado, ko ɗan fito, ko kuwa irin ma'aikatan nan ne da ranar Asabar suke haya kwale-kwale su shiga dam da fatsarsu don sha'awa kawai, duk ya shafe ka. Kai hatta Hajiyar da ba ta taɓa riƙe filafili ba amma tana hawa jirgi zuwa kasuwar tsallake, ya kamata ta san wannan, domin ranta ne a ciki.

Abu na farko a riƙe shi kamar karatun allo: mota tana da birki, babur yana da birki, jirgin ruwa babu. In ka kashe inji jirgi zai ci gaba da sulalewa, in da lodi a ciki ma sai ya fi nisa kafin ya tsaya. Saboda haka wanda ya ce sai ya zo dab sannan zai kauce, ya riga ya makara.

Bari mu yi ɗan lissafi, a ɗauko biro. Kwale-kwale mai inji da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya. In biyu ne suka fuskanci juna da irin wannan gudun, tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa da mita 16 zuwa 17 duk daƙiƙa. Yanzu a ce safiyar hunturu ce, hazo ya rufe ruwa, ba ka hango komai sai ya matso mita 100. Raba 100 da 16. Daƙiƙa shida ke nan da ɗan ɗoriya. Kafin ka ajiye abin da ke hannunka ka juyo ka kama inji, shidan ta ƙare.

Ni dai abin da na lura da shi, yawancin karon masu kamun kifi ba rashin iya tuƙi ne ke kawo shi ba, ido ne yake ƙasa. Na taɓa bin wani yayana da abokinsa kamun kifi a dam, mu uku a jirgi, injin na tafiya a hankali, sai fatsar abokin ta ja da ƙarfi. Wallahi duk mu ukun muka koma gefe guda muna leƙen ruwa, har da yayan nawa da ke riƙe da inji, kowa na cewa giwan ruwa ce, a'a ragon ruwa ne, ja a hankali kar zaren ya tsinke. Ba mu ankara ba sai ihu muka ji, "Kai! Kai! Ba ku gani ne?" Wani dattijo ne a ɗan ƙaramin kwale-kwalensa yana zare kalli, wato ragar kamun kifi, mun nufo shi kai tsaye. Allah Ya taimaka gefensa kawai muka goga, amma farfela ta naɗe masa raga ta yayyaga. Yayana ya yi ta "Baba a yi haƙuri, Baba kuskure ne", tsohon bai ce komai ba sai da ya gama tattara abin da ya rage na kallin, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, in kowa ya kalli kifi wa zai kalli ruwa?" Kuɗin raga muka biya, kifin kuma ya tsinke da ƙugiyar ya tafi abinsa.

Don haka kafin a bar gaɓa a ware mutum ɗaya, a ce wane kai ne ido. Ba ya jefa fatsa, ba ya ɗaukar hoto, ba ya danna waya, aikinsa gaba da baya da hagu da dama. In ya gaji a canja shi. In kai kaɗai ne a jirgi, to ko dai ka yi tuƙi ko ka yi su, ba a haɗa biyun.

Akwai wata dabara ta gane ko za ku yi karo da jirgin da ke tahowa daga gefe. Ka saita shi da wani abu a jikin jirginka, misali ƙusa ko kan benci, ka tsayar da kanka wuri ɗaya. In ka ga yana matsawa gaba ko baya daga saitin, za ku wuce juna. In kuwa yana nan daram a saitin sai ƙara girma yake, hanyarku ɗaya ce, wuri ɗaya za ku haɗu. Rage gudu tun daga nan.

Ruwa ma yana da dokar hannu kamar titi. Tun 1972 ƙasashen duniya suka amince da dokokin hana karo a teku, kuma dokokin koguna da tafkuna a ƙasashe da yawa daga nan aka ɗauko su. Ba sai ka haddace duka ba. In kun fuskanci juna gaba da gaba, kowa ya karkata damansa, sai ku wuce hagu da hagu, daidai yadda motoci ke yi a Najeriya da Nijar. In hanyoyinku za su gitta, wanda ya ga ɗan uwansa a hannun damansa shi zai ba da hanya, ya rage gudu ya bi ta bayansa, kar ya ce zai yanka ta gaba. Mai son wuce na gabansa kuma duk nauyin kaucewa a kansa yake. Kuma in za ka kauce, ka kauce sosai yadda na can zai gane nufinka, wannan ɗan karkacen na kaɗan-kaɗan shi ke rikita mutane, kai ka yi nan shi ma ya yi nan.

Ga wani wuri da masu kamun sha'awa ke yawan kuskure. Doka ta ce mai inji ya kauce wa mai kamun kifi, gaskiya ne, amma wanda ake nufi shi ne wanda kayan aikinsa suka ɗaure shi ba zai iya juyawa ba, kamar mai jan taru ko mai zare kalli. Kai da ka saki fatsa a baya injinka na tafiya, ba ka cikinsu, jirgi mai inji ne kai kamar kowa. Mai filafili ko gora kuma a tausaya masa, a rage gudu kusa da shi, igiyar ruwan da injinka ke tayarwa kaɗai ta isa ta kife ƙaramin kwale-kwale ko ba ka taɓa shi ba. Shi ma mai raga yana da nasa laifin in ya shimfiɗa ta a tsakiyar hanyar 'yan fito ba ko alamar jarka a kai.

Sai maganar dare. Jiragen da ke bin ƙa'ida suna da jar fitila a hagu, koriya a dama, fara a baya. In ka hango ja da kore tare, jirgin kanka ya nufo. Wanda ya tsaya cak yana su kuma ya kunna farar fitila da za a gani ta kowane gefe. Na san masunta da yawa ba sa son haske, wai yana korar wasu kifayen, toh ko tocila ce a ajiye ta kusa da hannu, da ka ji ƙarar inji ka haska tun da nisa. Kar dai ka dalle wa matuƙin ido, ka haska jikin jirginka ko sama. A sayi usur ma, ba shi da tsada. Busa ɗaya gajere na nufin na yi dama, biyu na yi hagu, biyar a jere kuma ma'anarta ban gane nufinka ba, yi hankali.

Kuma ba jirgi da jirgi kaɗai ke karo ba. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da itatuwa, har yau akwai kututture a ƙarƙashi, in ruwa ya ja baya da rani sai su zo dab da sama. A watan Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Lokon Minna a jihar Neja zuwa Wara a jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita. A watan Yunin 2023 kuma a yankin Pategi ta jihar Kwara, 'yan biki ne ke dawowa cikin dare, jirginsu ya daki kututture ya rabe, sama da mutum 100 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Shi ya sa hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda hedikwatarta ke Lakwaja, ta hana jigilar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. In ruwan baƙo ne a wajenka, je ka gaida Sarkin Ruwa ko dattawan Sarkawa na wurin ka tambayi ina kututture, ina dutse, ina hanya. Su suka san shi kamar tafin hannunsu.

Rigar ruwan nan fa sawa ake yi a ɗaure, ba a mai da ita matashin zama. Nasan za a ce ai na iya iyo tun ina yaro. Karo ba irin faɗawa ruwa da gangan ba ne, kanka zai iya bugun katako ka suma, wanda ya suma kuma ko ɗan Argungu ne ba ya iyo. Mai inji kuma ya ɗaura jar igiyar nan ta kashe inji a hannunsa, in ya faɗa ruwa injin ya mutu nan take, maimakon jirgin ya yi ta kewaye farfela na yanka mutane.

In Allah Ya ƙaddara an yi karon, a fara kashe inji, a ƙirga mutane. Wanda ke cikin ruwa a miƙa masa gora ko a jefa masa igiya ko rufaffiyar jarka, kar a yi tsalle a bi shi sai dole, domin mai nutsewa riƙon mutuwa yake yi. In jirgi ya kife amma bai nutse ba a riƙe shi, ya fi a kama iyo zuwa gaɓar da ido ke gani kusa alhali tana da nisa. Wanda ya yi karon kuma haramun ne ya gudu ya bar mutane a ruwa, doka ma ta wajabta masa tsayawa. In da sabis a kira 112.

Aikin aji: ku tashi biyu-biyu, kowa ya zama jirgi, tsakar ajin nan ne kogi. Ku fuskanci juna ku nuna ina kowa zai karkata, sannan ku gwada gittawa. Bayan nan kowa ya rubuta a littafinsa kalmomin nan da kyau: dama, hagu, ja, kore, usur, tocila. Aikin gida kuma lissafi ne: jirgi na cin mita 8 a daƙiƙa, ka hango kututture a mita 40, daƙiƙa nawa gare ka? A kawo amsa ranar Laraba in Allah Ya kai mu.