Kurakuran da aka fi yi idan awon jini ya tsaya a bakin iyaka

Mutum ya je asibiti saboda zazzaɓi, ma'aikaciyar jinya ta ɗaura masa na'urar awo a dantse, ta duba ta ce masa 134 bisa 86, sannan ta ƙara da cewa, "Malam, jininka ya ɗan hau, amma bai kai hawan jini ba." Mafi yawan mutane rabin maganar na ƙarshe suke ɗauka su tafi da shi gida, su bar rabin farko a bakin ƙofar asibiti. Daga nan ake fara kuskure.

Lambar sama tana nuna ƙarfin da jini yake bugun bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma tana nuna ƙarfinsa lokacin da ta saki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiran abin hawan jini idan ya kai 140 bisa 90 a awon da aka yi a ranaku biyu daban. Likitocin zuciya na Amurka kuwa sun sauko da iyakar zuwa 130 bisa 80 a shekarar 2017, saboda haka awon da wani likita zai kira bakin iyaka, wani zai kira shi matakin farko na cutar. Wannan saɓani bai kamata ya rikita kowa ba, domin jijiyoyi da ƙoda da zuciya ba su san da wani layi da aka ja a takarda ba, kuma haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa ne sannu a hankali tun kafin a kai 140.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran alama. Sau da yawa za ka ji mutum yana cewa, "Ni ai ba na ciwon kai, ba na jiri, lafiyata ƙalau." Hawan jini, balle wanda yake bakin iyaka, yawanci ba ya nuna komai har sai ya yi ɓarna, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa kusan kashi 46 cikin 100 na manyan da suke da shi ba su ma san suna da shi ba. Gyaran nan ɗaya ne, wato a riƙa awo ko da ana jin garau.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ɓangaren, waɗanda awo guda yake tayar musu da hankali har su wuce kemis su sayi maganin hawan jini irin su amlodipine, ko su karɓi ƙwayar da aka rubuta wa wani ɗan'uwa. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, musamman idan an yi shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma haka aka fi yin sa. Mutum ya sauko daga babur cikin rana, ya ci goro a hanya, fitsari ya matse shi, ya zauna a benci ba majingina ya harɗe ƙafafu, an ɗaura abin awon a kan hannun riga, yana kuma amsa gaisuwa ana cikin awon. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya ɗaga lambar. Abin da ya dace shi ne a guji goro da kofi da taba da aikin ƙarfi na minti 30 kafin awo, a yi fitsari, a zauna shiru na minti 5 baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Mai kaurin dantse ya nemi maɗauri babba, domin ƙarami yana ba da lambar da ta fi ta gaskiya. Wanda yake da na'ura a gida ya auna sau biyu da safe, sau biyu da yamma, har kwana 7, ya rubuta. A gida iyakar 135 bisa 85 ce, tun da akwai mutanen da ganin likita kaɗai yake sa jininsu ya hau.

Inda na fi ganin an yaudari kai shi ne batun gishiri. Magidanci zai ce ya daina barbaɗa gishiri a abinci, alhali an jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunyar miya, kuma kusan rabin nauyin dunƙule gishiri ne. Ga yajin tsire da kilishi, ga ƙullin da yake cikin ledar taliyar yara, ga burodi, ga kanwar da ake sa wa wake da miyar kuka, wadda ita ma sinadarin sodiyam ne a cikinta kamar gishiri. Abin da aka yarda babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa har da wanda yake ɓoye a cikin waɗannan abubuwa. Tun da tukunya ɗaya ake ci a gida, gyaran ba zai yiwu ba sai an yi shawara da mai girki. A rage dunƙule ɗaya a wannan mako, a ƙara rage wani nan da mako biyu, a cike gurbin da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har abincin da aka saba da shi a da ya koma yi wa mutum gishiri. A ƙara wake da alayyafo da zogale da ayaba saboda sinadarin fotasiyam da yake taimakawa wajen sauko da jini, sai dai mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne magungunan da ake sha ba tare da takardar likita ba. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu aikin ƙarfi suke haɗiya kusan kullum saboda ciwon jiki, suna ɗaga jini kuma suna wahalar da ƙoda. Haka dexamethasone da wasu mata suke sha don su yi ƙiba, da wasu magungunan mura. Duk wanda aka ce jininsa yana bakin iyaka ya kamata ya kwashi abin da yake sha ya nuna wa likita.

Zoɓo yana da ɗan tasiri wajen rage jini, amma wanda aka cika wa sukari ya ɓata amfaninsa, kuma ba ya maye gurbin awo. Haka nan masu cewa "tunani ne ya yi mini yawa" sun faɗi wani yanki na gaskiya, sai dai dogaro da wannan bayani yakan hana su duba tumbi da zaman wuri ɗaya. Tafiya da sauri ta minti 30 a kwana 5 na mako ta cika minti 150 da ake so, kuma duk kilo ɗaya da mai ƙiba ya rage yana sauko da lambar sama da kusan maki ɗaya.

Ga mai ciwon sukari, ko ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa samun matsalar zuciya, lambar da ake kira bakin iyaka tana iya isa a fara masa magani, kuma likita ne zai yanke wannan bayan ya duba fitsari da sukari da kitsen jini. Mai juna biyu kada ta jira, domin 140 bisa 90 a wurinta abin gaggawa ne. Idan kuwa awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin hannu, asibiti za a nufa a wannan sa'a. Sauran mutane su ba gyaran abinci da motsa jiki wata 3 zuwa 6, sannan su koma wurin likita da littafin da suka rubuta awonsu a ciki.