Taura biyu a bakin tsoho: kurakuran da ake yi wajen haɗa motsa jiki da motsa ƙwaƙwalwa

Shekarata shida ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila. 'Yan shekarun nan 'yan'uwanmu daga gida sun yi ta shigowa wannan aiki, kuma duk wanda aka ɗauka ni ake haɗa shi da ni in nuna masa zaman safe, inda tsofaffi ke motsa jiki suna lissafi ko wasan kalmomi lokaci guda. Bakina ya gaji da maimaita abu ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Wanda bai san abin ba, ga yadda yake. Tsoho na taka ƙafa yana ƙirge, ɗaya, biyu, in ya zo uku sai ya tafa maimakon ya faɗa, haka a shida, haka a tara. Japanawa ne suka fi tsara shi, a cibiyarsu ta binciken lafiyar tsofaffi da ke garin Obu a yankin Aichi, suna kiransa kognisaiz. Mu dai mun san taura biyu ba ta taunuwa, to a nan taura biyun ake koya wa mutum taunawa, don rayuwa ma haka take zuwa masa: yana tafiya bayan gida ana kiran sunansa.

Babban kuskuren shi ne cusa masa taurar biyu ranar farko, kuma a tsaye. Ni na yi shi, har yau kuma in na tuna sai gabana ya faɗi. Wata tsohuwa ce mai shekara 88, malamar lissafi ce a zamaninta, kanta garau. Na ce ai wannan ba ta da matsala. Muna tafe a baranda tana tura abin dogarawarta, na ce ta riƙa cire uku daga ɗari. Ta faɗi 97, 94, 91, ina ta murna. Da ta kai 82 sai ta ɗan rikice, ta waiwayo don ta ga fuskata, abin dogarawar ya yi gaba, ita ta bi shi ƙasa. Wuyan hannunta ya karye. Mako shida aka yi ƙashin ya haɗe, amma tsoron bai warke ba. Matar da ke zuwa ɗakin cin abinci da ƙafarta ta koma sai an tura ta a keke. Ni ce nan na yi mata wannan, da lissafina na banza.

Abin haushin, an daɗe da sanin haka. Tun 1997 wasu masu bincike a Umea ta ƙasar Suwidin suka lura cewa tsofaffin da ke tsayawa cak idan aka ja su da hira suna tafiya, su ne suka fi faɗuwa a watannin da suka biyo baya. Saboda haka yanzu kafin komai nakan jera da mutum, mu ɗan taka, in tambaye shi abin da ya karya da shi. In ƙafarsa ta tsaya kafin bakinsa ya buɗe, to a kujera zai fara. Sai ya yi makonni yana taka ƙafa a zaune yana ƙirge, sannan ya miƙe ya dafa bayan kujera, tafiya kuwa ita ce ta ƙarshe. Ina tsayawa ta ɓangaren da ya fi rauni, ɗan baya kaɗan, kuma kullum ina gaya masa in lissafi da ƙafa suka yi karo, ya saki lissafin. Wasu abokan aikina na ganin ina jan abin da yawa. Su ba su ji ƙarar faɗuwar nan ba.

Na biyu kuma, wanda ke ɓata mini rai fiye da kima, shi ne mayar da zaman jarrabawa. Haba ƙannena! Mutumin da ya haifi ubanka za ka tsaya a kansa kana cewa bai ci ba, ya sake? Wani yaro da muka yi aiki tare ya yi wa wani dattijo haka gaban mutane, mutumin da ya yi shekaru yana tuƙa jirgin ƙasa. Dattijon bai ce uffan ba, ya miƙe ya koma ɗakinsa, wata uku bai sake leƙo mu ba. A gida ba za ka yi wa kakanka haka ba, to don me don wannan Bature ne, ko don mantuwa ta fara kama shi? Mai cutar mantuwa kan manta abin da ka ce masa, amma zafin ya kan zauna masa a rai har yamma. Ni dabarata, ni ke fara yin kuskure da gangan. In tafa a kan biyar, su kwashe da dariya su gyara mini, daga nan kowa ya saki jiki. Rikicewar nan ai ita ake nema, alama ce ƙwaƙwalwa na aiki.

Kuma ku daina kawo musu launuka da hotunan dabbobi kamar 'yan firamare. Ku ɗauko abin da suka rayu da shi. Direban nan da ya dawo, sunayen tashoshin jirgi na sa shi jerowa yana ɗaga gwiwa. Abin da ya fi karɓuwa a wurinmu shi ne tsohon kuɗi, wanda Ingila ta bari a 1971: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Da na ce musu kakata ma da fam da sule ta yi cefane kafin naira ta zo a 1973, sai hira ta ɓarke. Tsohuwar da ba ta iya tuna abin da ta ci jiya, sai ga ta tana haɗa sule da kwabo ba gargada.

Akwai kuma masu tausayin da ya wuce gona da iri, waɗanda tsoron faɗuwa ya sa suka bar tsofaffi suna kaɗa hannu kawai a kujera shekara da shekaru. Wannan ma cuta ce. A 1994 an gwada ɗaga nauyi da ƙafa na mako 10 a kan tsofaffi 100 a wani gida a Boston ta Amurka, matsakaicin shekarunsu 87, waɗanda aka sa ɗaga nauyin a cikinsu ƙarfin ƙafarsu ya ninka. In numfashin mutum bai ɗan ɗaga ba, ba a yi komai ba. Tashi da zama daga kujera sau biyar ya fi kaɗa hannu na rabin awa.

Sauran ƙanana ne. Silifas mai santsi, a cire. A duba na'urar ji da tabarau kafin a yanke cewa mutum ya ruɗe, sau da yawa bai ji ka ba ne kawai. A kashe talabijin. Kada a tayar da mai shan maganin hawan jini zumbur, ya zauna bakin kujera tukuna don jiri. Kada a sa zaman da la'asar sakaliya, lokacin ne masu mantuwa suka fi birkicewa. Wasan da kowa ya iya shi ba tuntuɓe, a canza shi, a koma tafi a kan huɗu. A ajiye ruwa kusa, yawancinsu ba za su ce suna jin ƙishi ba.

Malamar lissafin nan tana zuwa zaman har yanzu, a kan kekenta. Ita ke riƙe mana ƙirge, kuma in na tafa a inda bai dace ba, ita ke fara kama ni.