Kurakuran da aka fi yi wajen jona DVR ɗin kyamara da Wi-Fi na gida

Yawancin na'urorin naɗar hoton kyamarar tsaro, DVR ko NVR, ba su da Wi-Fi a jikinsu. Idan ka juya bayan na'urar za ka ga ramin kebul guda da aka rubuta wa LAN, ta nan kaɗai take shiga intanet. Haka manyan firintocin ofis da yawa suke. Rigimar tana tasowa ne idan rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, tana falo, DVR kuwa tana shago ko ɗakin maigadi, ko kuma abin da ke gidan ƙaramar MiFi ce wadda ba ta da ramin kebul ko ɗaya.

Abin da mutane suke fara saye shi ne ɗan Wi-Fi na USB, irin wanda ake soka wa kwamfuta. A kwamfutar tebur yana aiki, domin Windows tana iya ɗora masa manhajar da ke tuƙa shi. DVR ba ta da wannan damar. Ramin USB ɗinta na mawus ne da filashi, sai fa in kamfanin ya ambaci wani samfuri takamaimai a littafin na'urar. Abin da kake nema wata 'yar na'ura ce da ke kamo Wi-Fi daga iska ta fitar da shi ta kebul, mu kira ta gada. TP-Link TL-WR802N da TL-WR902AC suna yin wannan aikin, Vonets VAP11G ma haka, da yawancin na'urorin ƙara nisan Wi-Fi masu ramin LAN a ƙasansu.

Sayen gadar ba shi ne wahalar ba, zaɓen tsarin da za ta yi aiki a kai ne, kuma a nan aka fi faɗuwa. Shafin saitinta zai nuna maka Router, Access Point, Range Extender, Client, wani lokaci da WISP ko Hotspot. Mutane da yawa suna danna Access Point saboda shi suka saba ji, alhali akasin bukatarka yake yi: yana karɓar intanet daga kebul ya watsa shi a iska. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne WISP, domin da shi DVR za ta samu intanet, sai ka ɗauka an gama. Amma gadar ta buɗe nata gidan daban, tana raba nata adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan layin, don haka kwamfutar da ke kan Wi-Fi na falo ba za ta ga DVR ba, firinta kuma ba za ta taɓa fitowa a jerin abubuwan bugawa ba. Gwajin yana da sauƙi. Duba adireshin IP na wayarka, ka duba na DVR. Idan waya tana 192.168.8.101, kamar yadda rautocin Huawei suke rabawa, DVR kuma tana 192.168.0.100, to ba wuri ɗaya suke ba. Lambobi uku na farko dole su zama iri ɗaya. Koma ka zaɓi Client.

Ka yi saitin kusa da rauta, da waya ko laftof, kafin ka kai gadar wajen DVR. A TP-Link ana shiga ta tplinkwifi.net, sunan Wi-Fi ɗinta da kalmar sirri suna kan takardar da ke manne a jikinta. Da zarar ta koma Client, sunan nata zai ɓace daga jerin Wi-Fi na wayarka. Kada ka ce ta lalace ka mayar wa mai shago, haka aikinta yake, ta daina watsawa ta koma karɓa. In ka yi kuskure a kalmar sirri, sa tsinke a ramin Reset ka danne har fitilar ta canza, ka sake daga farko.

Sai tsohon adireshi. Masu sa kyamara suna yawan kafe wa DVR adireshi ɗaya da hannu, wasu na'urorin kuma da nasu suke zuwa, kamar Dahua mai 192.168.1.108. Fitilar ramin LAN za ta riƙa ƙiftawa, kebul lafiya lau, amma intanet babu. Shiga Network, sannan TCP/IP, ka kunna DHCP don rauta ta ba ta sabon adireshi tare da Gateway da DNS. Ga firinta, ya fi kyau bayan haka ka shiga rauta ka keɓe mata wannan adireshin, kada ya riƙa canzawa.

Wi-Fi yana tafiya a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, TL-WR802N kuwa zangon 2.4 GHz kaɗai take gani, don haka in an kashe shi a rauta an bar 5 GHz, ba za ta ga komai ba. Tsofaffin gadoji kuma ba su san WPA3 ba, wato sabon tsarin tsaron Wi-Fi, a mayar da rauta kan tsohon tsarin, WPA2. Ranar da maigida ya canza kalmar sirri saboda maƙwabta suna shan data, kowa zai sa sabuwa a wayarsa a manta da gada, kyamara ta yi makonni ba ta kan intanet ba wanda ya lura. Wannan yana ci mini rai, domin sai ranar da aka bukaci kallon shago daga nesa ake ganewa.

Inda aka ajiye gadar ma magana ce. DVR galibi a cikin akwatin ƙarfe ake kulle ta don ɓarayi, sai a cusa gadar a ciki tare da ita. Ƙarfe yana toshe sabis ɗin Wi-Fi, bangon bulo biyu ko uku ma suna raunana shi. Sayi kebul mai mita biyu ko uku ka fito da gadar waje, ka ɗaga ta sama, wajen da wayarka take nuna sabis mai ƙarfi. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana kai mita 100, saboda haka in rautarka tana da ramin LAN kuma akwai hanyar bi ta silin, ni dai jan kebul kai tsaye nake zaɓa a kan kowace gada. Na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida kuwa, a gidan da aka raba layin inbata da na NEPA sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Gada guda, na'ura guda. Wasu suna ƙara suwich, wato akwatin da ke raba kebul ɗaya zuwa ramuka da yawa, su jona DVR da firinta da talabijin a bayanta, amma gadoji masu araha da yawa suna rikicewa da haka, ɗaya ta yi aiki ɗaya ta ɓace.

Don kallo daga nesa, kada ka ɓata yini kana buɗe ƙofofi a rauta, wato saitin da ke barin a iso DVR daga waje, idan layin SIM ne ke ba ka intanet. Kamfanonin waya suna haɗa mutane da yawa a kan adireshin waje guda, don haka wannan hanyar ba ta cika aiki ba. Kunna Hik-Connect in Hikvision ce, ko P2P da manhajar DMSS in Dahua ce, ka jira ta nuna Online, sannan ka ɗauki lambar QR da waya. Ka riƙa kallo a Sub-stream, wato hoto mai ƙaramin inganci, ya fi tattalin data nesa ba kusa ba.

Rauta da gada su kasance kan inbata ɗaya da DVR, in ba haka ba duk sanda aka ɗauke wuta DVR za ta ci gaba da naɗa amma ba za ka gani a waya ba. Idan wuta ta dawo aka ga Offline, a ba su 'yan mintuna, domin DVR tana iya riga gada tashi. In ta ƙi dawowa, kashe DVR ɗin kaɗai ka sake kunnawa.