Darasi na Tara: Fita da Yara Su San Daji

Yara da yawa a cikin garin Bauchi sun haddace sunayen 'yan ƙwallon Turai, amma in ka ajiye musu kanya da ɗinya ba za su bambance ba. Ba laifinsu ba ne. A da, kiwo da zuwa itace su ke koya wa yaro daji. Yanzu daga boko sai islamiyya sai waya. Tsare yaro a gida kuma ba ya hana shi fita, sai dai ya fita a sace, ba babba a tare da shi.

A fara da kusa, ba sai an yi hayar mota ba. Gonar dangi ko gindin dutse a bayan gari ya isa. A fita da ƙarfe 7 na safe a dawo kafin 10, ko bayan la'asar a dawo kafin magariba. Babba ɗaya kada ya riƙe yara fiye da 5, ya ƙirga su wajen tafiya da wajen dawowa. Kowane yaro ya riƙe ledar ruwa biyu, wato lita ɗaya, ya sa takalmi mai rufe ƙafa. Silifa ba ta tare ƙaya, balle kunama.

Itatuwa uku sun isa a fita ɗaya. In an yi yawa, sai ya manta duka. Bari ya shafa bawon kuka ya ji santsinsa, ya murza ganyen, sannan a ce masa wannan ne miyar da ya sha jiya. A nuna masa ɗorawa, a fasa ɗanta ya ga garin rawaya da kalwar da ake daddawa da ita. Abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa.

Masu cutarwa ma a nuna su da suna. 'Ya'yan cin-da-zugu suna da gardi kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke cinsu, sai amai da gudawa su biyo baya. Zaƙami yana gusar da hankali. Nonon tumfafiya in ya shiga ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti.

Maganar maciji ita ce babba. Kububuwa tana da yawa a ƙasar Bauchi da Gombe, har akwai asibitin saran maciji a Kaltungo. Launinta kamar na ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin dutse da tarin karmami. Dokar ita ce: ba a zura hannu a rami, ba a ɗaga dutse sai da sanda. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, domin ɗauri yana kashe naman ƙafa, dafin kuma bai fita ba. A kwantar da yaron, a hana ƙafar motsi da ɗan katako, a ɗauke shi zuwa asibiti. Kada a bar shi ya taka. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, don haka yaro na iya yin wasa yau, gobe jini ya fara fita ta dasashi.

Kududdufi kuma a bar wa kwaɗi. Wanka a ruwan da ba ya gudu shi ke kawo tsargiya, wato fitsarin jini.

In hali ya yi, sai gandun namun daji na Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri. An kafa gandun a 1956. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a ratse a Dindima. Rani ya fi, lokacin ciyawa ta bushe, giwaye da gwanki suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa. Ruwan Wikki, maɓuɓɓugar da ake wanka a cikin gandun, mai ɗumi ne, garau, ana ganin yashin ƙasa, amma yana da wurin zurfi, saboda haka babba ya riga yara shiga. A ɓoye abinci cikin jaka, domin gwaggon birin can ba ya kunyar fizge burodi a hannun yaro.

Aiki: Rubuta sunayen itatuwa 5 da ke kusa da gidanku, da amfanin kowanne. Wanda ba ka sani ba, kawo ganyensa aji mako mai zuwa.